Bangon da Ya Hana Mu Tanti

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa kana cikin sauƙi a inda kake. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma da 'yarmu Safiya za ka miƙa wa ta karanta maka, tunda kullum cewa kake yi rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. To ga kazar ta sake bi, sai ka yi haƙuri. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro kusan shekara biyu, ba ni da wanda zan faɗa wa in ba kai ba, don kai na yi wa laifin.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ban iya gaisuwa ba. Safiya ta haihu a unguwar Alhilla Kuku, namiji, kuma mijinta ya sa masa sunanka. Ka ga an ƙara mini wanda ba zan iya kiran sunansa ba, sai dai in ce Maigida ƙarami. Yana da goshinka da taurin kanka, in ya ƙi nono ba mai sa shi. Ɗanmu Bashir yana nan a Kasuwar Libiya, yana tsare wa wani shagon tufafi, ya bar gemu, yana fita da sassafe ya ƙetare gada zuwa Omdurman inda kasuwar take, sai magariba nake ganinsa. Darbejiyar da ka dasa a ƙofar gida ta tsira, har ta fi katangar masallaci tsawo. Ni kuma na koma tallan gyaɗa a bakin tasha. Maƙwabcinmu Yakubu yana lafiya, har tumbi ya ajiye, kuma da gangan na ambace shi, za ka ji dalili.

Ka tuna ranar da ruwan ya zo? Bayan sallar asuba ya fara, kafin hantsi ya daina zama ruwan sama ya zama kogi yana bin layukan unguwarmu ta Mayo. Muna tsaye a farfajiyar masallaci, angarebu ɗaya, gadonmu na igiya, da tukunya biyu muka iya fitarwa, muna kallo ɗakinmu ya zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji. Rufin ya tafi, azarar ta tafi, akwatin da takardunmu suke ciki ya jiƙe har rubutun ya wanke. Mata suna salati, ni ina kuka, kai kuwa ka naɗe wando kana bin gefen ruwan kana duban inda yake karkata. Ka taso a gonakin audugar Jazira kana buɗe ruwa kana toshewa tun ba ka kai tsawon fartanya ba, ruwa ba baƙonka ba ne. Kafin la'asar ka tara mazan layinmu, kuka haƙa magudana har zuwa kwarin da ke bayan unguwa. Kwana biyu layinmu ya tsane, alhali sauran layukan suna cikin ruwa har gwiwa.

Daga nan ka kira gayya, kamar yadda iyayenmu suke yi a ƙauyukan Jazira in ɗakin wani ya faɗi. Gida-gida za a bi, a kwaɓa ƙasa, a ɗora bango hawa ɗaya, a bar shi ya sha iska a wuce gida na gaba, a zagayo. Ka ce a fara da gidajen matan da ba su da maza, namu kuma shi ne na ƙarshe tunda kai ka kira aikin. Mu mata muka haɗa murhu ɗaya muna dafa abin da ya samu. Ban taɓa ganinka da farin ciki irin na kwanakin nan ba, Malam, ƙasa har gira, kana yi wa samari tsiya wai hannunsu ya saba da riƙe waya ya manta da laka.

Mutum ɗaya ne ya ƙi fitowa, Yakubu. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gefen kangonsa ya zauna, ya hana kowa taɓa ɓaraguzan. Cewa ya yi a bar komai yadda ruwa ya bar shi har gwamnati ta zo ta gani da idonta. Ka yi masa magana sau biyu, ka ce abin kunya ne namiji mai hannu biyu ya zauna yana gadin kufai. Ni kuwa har waƙa na yi masa a bakin murhu, mata suna dariya, na ce rago ya sami sana'a. Yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

A rediyo kullum ana cewa agaji ya iso. Ba ƙarya suke yi ba, jiragen ta kanmu suke wucewa su sauka, muna ɗaga kai muna kallon cikinsu. Manyan sojoji suna jawabi, ana cewa an kafa hukuma, hukumar ta kafa kwamiti, babu wanda zai kwana a fili. Mu dai a fili muke kwana. Sai da aka yi mako uku kafin mutumin hukumar ya shigo layinmu, shi da shugaban kwamitin unguwa, yana riƙe da takardu a allo, yana zaɓen busasshen wuri yana takawa saboda takalminsa. Lokacin bangonmu ya kai tsayin kanka, kusurwa huɗu a tsaye, rufi kawai ya rage. Shi kuwa rufin ba abin da gayya za ta iya ba ne, don azara da kwano ba a kwaɓa su da ƙafa. Tanti ɗaya ko tamfol ɗaya muke bukata mu rufa kafin ruwa ya dawo.

Me ka yi, Malam? Ka ɗauko angarebun da ya rage mana ka shimfiɗa masa, ka leƙo bayan zana ka ce in dafa wa baƙo shayi. Da sukarin ƙarshe na dafa. Ina tsugune ina jin ku, ya tambaye ka yaya ɓarnar ta kasance a gidanka. Sai na ji ka ce da larabci, "Alhamdulillahi, basiɗa." Wai abin da sauƙi, ƙaramin abu ne. Saura kaɗan butar ta suɓuce daga hannuna. Na san ba ƙarya ka yi niyya ba. Haka babanka yake amsawa, haka nawa yake amsawa, mu mutanen da in aka tambaye mu mai jiki, ko yana kan gargara cewa muke yi da sauƙi. A wurinmu mai tambaya ya san ma'anar, sai ya duba da idonsa ya taimaka ba tare da ya sa ka roƙa ba. Shi wannan bai zo gaisuwa ba, rubutu ya zo yi.

Ya dubi bangon ya ce ai gida a tsaye yake. A nan ka gane, na ji muryarka ta canja. Ka ce sabo ne, jiya-jiya aka ɗora hawan ƙarshe, ya taɓa ya ji danshinsa. Bai taɓa ba. Ya ce takardarsa gida biyu gare ta, wanda ya rushe duka da wanda ya rushe rabi, shi kuma abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Ya shanye shayin, ya yi godiya, ya wuce gidan Yakubu. Can matar Yakubu ta zube a ƙasa tana birgima tana kururuwa, shi kuma yana nuna kango da sanda kamar mai nuna gonar sayarwa. Bayan kwana biyu aka kira su makarantar unguwa, suka dawo da tanti da barguna da buhun dawa da jarkar mai a kan amalanke. Duk gidan da gayya ta taɓa a layinmu bai sami ko allura ba, har da na matan nan marasa maza da ka ce a fara da su.

Ga laifina na farko. Da yammacin ranar na faɗa maka maganar da ban taɓa faɗa ba. Na ce to ka ɗauko girman kan naka ka rufa mana ɗaki da shi. Na ce ka cuci marayun layin nan da taimakonka. Ka ɗauki kwando ka koma ramin kwaɓa, ka ce akwai gyaran da ya rage a kusurwar gabas. Wannan ita ce magana mai tsawo ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, sauran duk miƙo ruwa ne da sannu. Na yi ta cewa gobe zan ba ka haƙuri in zuciyata ta huce. Me ya hana ni faɗa a ranar? Kalma nawa ce?

Ramin da kuke kwaɓa ƙasa a ciki, ruwansa ya haɗu da na masan da suka rufta, kowa ya sani, ba wanda yake da wani ruwan. An ce za a zo a yi feshi, a kawo tankar ruwa mai tsabta, ba mu ga ko ɗaya ba. Kwana huɗu bayan zuwan mai takarda amai da gudawa suka kama ka. Bashir ya ɗora ka a kan amalanken jaki zuwa rumfar da aka kafa don masu irin ciwon. Mutane a kwance har waje, ledar ƙarin ruwa ba ta isa ba, ma'aikaciyar da ke wurin ita kaɗai tana gudu tsakanin gadaje har tana kuka, ba ni da abin cewa a kanta sai addu'a. Amma wani mai kaki a ƙofa ya ja Bashir gefe ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ambaci sunan ciwon a unguwa, wai gudawa ce kawai. Ka gani? Sunan abin da ya kashe ka ma ba a ba mu ikon faɗa ba. Washegari kafin la'asar ka cika. Ba su bari an kawo ka gida ba, daga can aka wuce da kai. Ɗaliban nan 'yan Najeriya da Nijar da kake kira cin tuwo ranar Juma'a duk sun zo jana'iza, sun ɗauki makararka.

Na shiga takaba a cikin bangonka huɗu. Bashir ya ɗaura tsohuwar tabarma da buhuna a kusurwa ɗaya don rana. Ruwa ya dawo sau biyu, na zauna a lungu cikin farin zanen takaba da kwanon wanki a kaina, ina jin ɗigon yana bugawa, ina hango tantin Yakubu ta kan bango, a bushe, har hayaƙin girki yana fita daga gefensa. Ban taɓa sanin zan iya yi wa mutum hassadar yadi ba sai ranar.

Ana haka matar Yakubu ta shigo yi mini gaisuwa, ta matso ta raɗa mini cewa za a dawo zagaye na biyu ranar Asabar, kuma wannan karon ma wanda gidansa ya rushe duka shi ake ba tanti. Ba da mugunta ta faɗa ba, tausayina ta ji. Kwana uku ina juya maganar. To ga abin da na zo faɗa maka, Malam, ka saurara da kyau.

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, Bashir ma ya tafi, na tsayar da mai ruwan jaki na sa ya juye mini ganga guda a tukwane. Na ɗauko digarka na tone gindin bangon gabas, na yi ta kwarara ruwa ina jira ya sha. Sannan na sa taɓarya na tura. Bai motsa ba. Ka san aikinka, ka sa ciyawa, ka danna kowane hawa da tafin hannu, shatin yatsunka yana nan jere a jiki har sama. Na ƙara ruwa, na ƙara tono, na sa kafaɗa, ina turawa ina zaginka, eh, ina zaginka, ina cewa ko a nan ma sai ka yi mini taurin kai? Da ya tafi sai ya tafi gaba ɗaya, ya ja na arewa ya faɗi da shi. Sauran biyun ba su ba ni wahala ba. Abin da kuka yi mako uku kuna ɗorawa, wanda ka sha ruwan ajalinka a kansa, ni na kwantar da shi kafin liman ya sallame.

Da maza suka dawo na ce danshi ne ya ci gindinsa ya faɗi da kansa. Amininka Malam Sale, wanda kuka ɗora hawan farko tare, ya tsuguna ya dubi gindin, ya dubi zanena da ya koma ja da laka, ya miƙe ya ce Allah ya mayar da alheri. Ya juya ya tafi. Bashir ma har yau bai tambaye ni ba, kuma na san ya ga digar a jiƙe.

Ranar Asabar mutumin ya dawo, shi ɗin dai, da takalminsa. Ban shimfiɗa masa komai ba, ban dafa shayi ba. Na zube a kan ɓaraguzai na yi kururuwa irin ta matar Yakubu, ni da ko a haihuwa ba a taɓa jin muryata a waje ba. Ya jira na gama, sannan ya tambayi sunan mai gidan. Na waiga ina neman Bashir, ya tafi kasuwa. Na waiga ina neman Malam Sale, ba ya kusa. Shekara ashirin da bakwai muna tare ban taɓa kiran sunanka ba, ko a fushi, ko a bayan idonka. Sau nawa ka tsokane ni ka ce in faɗa sau ɗaya kawai ka ji yadda yake fita a bakina, ina rufe fuska ina gudu? To na faɗa. Ga baƙo na faɗa, a tsakiyar layi, da suna da sunan mahaifi, har sau biyu don ya ce in ɗaga murya.

Ya bi takardunsa da biro, shafi bayan shafi, ya ce babu. Ya ce wannan zagayen na tabbatar da waɗanda aka rubuta a na farko ne, ba a ƙara sabon suna. Ya dubi kangon ya ce lalle wannan ya rushe duka, da haka yake ranar da ya fara zuwa da an rubuta. Ya ce mai gidan ya je ofis da kansa da takardar ɗan ƙasa. Na ce mai gidan yana kabari. Ya ce Allah ya jiƙansa, to a kai takardar mutuwa tare da ta ɗan ƙasa. Na ce ta ɗan ƙasa ruwa ya wanke ta. Sai ya tambaye ni wai daga ina muka zo asali, ni da aka binne cibiyata da ta uwata a Jazira. Ya wuce gidan Yakubu, aka ƙara musu gidan sauro.

Da na fita takaba na je ofishin. Na je har mai gadi ya san ni, yana ce mini Hajiya kin dawo. Yau babban ba ya nan, gobe ana taro, jibi mai mabuɗin ya yi tafiya. Daga ƙarshe wata mata a bayan tebur ta gaya mini gaskiya, ta ce an rufe aikin ambaliyar bara, in jira in Allah ya kawo wata. Haka ta faɗa, kuma ba ba'a take yi ba. Abin da ke ƙona mini rai, Malam, waɗannan mutanen ba hanyar Mayo ce ba su sani ba. In na ajiye farantin gyaɗata a inda ba su so, kafin in gyara zama motar kame ta iso. Lokacin da suka zo rushe gidajen bakin titi da katafila, ba su nemi takardar kowa ba, ba su jira mako uku ba, da sassafe suka zo kuma ba su tsallake gida ɗaya ba.

Ka san da me nake rufe yanzu? Tamfol ne shuɗi, Bashir ya sayo a Kasuwar Libiya. Ya ce akwai layi guda a can bayan masu barguna, tantuna da tamfol a jibge cikin ledarsu, sababbi fil. A jikin nawa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kyauta ce ga waɗanda bala'i ya shafa, ba na sayarwa ba ne. Da zai ɗaura ya juya rubutun sama don kada in gani. Na sa ya kwance ya juyo shi ciki. Kullum in na buɗe ido shi nake fara karantawa, kuma ba na so in manta.

Kangon kuwa ban bari an taɓa shi ba. Malam Sale ya zo sau biyu ya ce a tara mutane a tayar mini da ɗaki, na ce a'a, a bar shi yadda yake ko za su dawo. Na shimfiɗa tabarma a gefensa na zauna ina gadi. Ka gane wa na zama? Daminar da ta biyo baya ɗakuna biyu sun faɗi a layinmu, babu wanda ya kira gayya, babu wanda ya ɗauki shebur. Kowa ya ce kada a taɓa sai mai takarda ya gani, mai takarda kuma bai zo ba sam. Tanti bai dame ni kamar wannan ba. Sun koya wa layi guda na 'ya'yan manoma cewa wanda ya tashi ya gyara shi ne wawa, kuma ni ce ɗalibarsu ta farko.

Ina fushi da su, kuma ba zan yafe ba, Allah yana gani. Ina fushi da kai ma, kada ka ɗauka mutuwa ta wanke ka. Me zai rage ka da shi in ka ce mun rasa komai? Ai gaskiya ce. Amma maganar da na faɗa maka ta girman kai, na janye ta. Ba ka cuci marayun layin nan ba. Matan nan har yau a ɗakunan da ka tayar musu suke kwana, sun rufa da kara da buhu a hankali, tantin Yakubu kuwa rana ta cinye shi tun bara, ya yage ya zama tsumma. Ni kaɗai ce ba ni da bango, kuma ba ruwa ne ya rushe nawa ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Shekaranjiya na yafa mayafi na bi layi gida-gida ina kiran gayya da bakina, abin da mace ba ta saba yi ba. Wasu sun ce suna da uzuri, wasu sun ce in jira a gani. Mutum uku suka amsa, Malam Sale da Bashir da mijin Safiya. Malam Sale ya ce ba sai an nemo sabuwar ƙasa ba, ta bangonka za a jiƙa a sake kwaɓawa, ƙasa mai kyau ce, ka riga ka sa mata ciyawa. Kafin su fara na zaɓi guntun bango ɗaya mai shatin yatsunka huɗu na naɗe a ɗankwali na ajiye a ƙarƙashin angarebu, wannan ba za a jiƙa shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko za su ɗora hawan farko, ni zan yi girki. In ruwa ya sake zuwa mai takarda ya tarar da shi a tsaye ya wuce, to ya wuce.

Ka yafe mini maganar, ka yafe mini bangon, ka yafe mini sunanka da na ba wanda ko rubuta shi bai yi ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa inda kake ba a tambayar kowa takarda. Sai na zo.

Matarka da ta rushe maka bango,
Kaltume, daga Mayo